Chelsea Ta Ɗaga Kofi Biyu, To Me Ya Hana Magoya Baya Barci?

Daren Lahadi 13 ga watan Yulin 2025, wanda bai shigo gidan kallon ƙwallonmu na Agege da wuri ba, a tsaye ya kalli wasa. Chelsea ta narka wa PSG uku da nema tun kafin a tafi hutun rabin lokaci, Cole Palmer ya ci biyu, Joao Pedro ya ƙara ɗaya, ta ɗauke Kofin Duniya na ƙungiyoyi a Amurka. Ihun da aka yi ranar har maƙwabtanmu Yarabawa sai da suka leƙo. Makonni kaɗan kafin nan kuma ta doke Real Betis 4-1 ta ɗauki kofin Conference League.

Ka ce shi ke nan, bakin 'yan adawa ya mutu, hankalin 'yan Chelsea ya kwanta. Ina! Ba a yi mako guda ba aka tashi da labarin an sayar wa Arsenal Noni Madueke. Wani abokina da ke tura baro a kasuwa, wanda ya tara kuɗi ya sayi riga mai sunan yaron, ya same ni a teburin mai shayi yana cewa, "Wai mutanen nan ƙungiya suke ginawa ko kasuwa suka buɗe?" Dariya aka yi masa, amma ni tambayar ta tsaya mini a rai, don kuwa ita ce ainihin abin da ke damun magoya bayan Chelsea daga Landan har zuwa Sabon Ibadan.

Ni ɗan mai fataucin shanu ne. Tun ina ƙarami nake bin Baba zuwa kara da kwatar Oko-Oba, na ga yadda ake sauke tirela daga Potiskum da Maigatari. Abin da na koya a can shi ne ya sa nake ganin na gane lissafin sababbin masu Chelsea fiye da yadda na gane dabarun koci.

Mu fara da yadda aka zo nan. Roman Abramovich, attajirin Rasha, ya sayi ƙungiyar a 2003. A zamaninsa ta ci gasar Firimiya sau biyar da Kofin Zakarun Turai sau biyu, a 2012 da 2021. A lokacin ne ma da yawanmu muka kamu da sonta, saboda Mikel Obi da Victor Moses, manyanmu kuma tun zamanin Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna. Da Rasha ta afka wa Yukren a 2022, gwamnatin Birtaniya ta ƙaƙaba wa Abramovich takunkumi, dole ya sayar. A watan Mayun shekarar, Todd Boehly ɗan Amurka da kamfanin zuba jari na Clearlake suka karɓe ta a kan fam biliyan 2.5, da alƙawarin za su ƙara zuba fam biliyan 1.75.

Bambancin mutanen biyu a fili yake. Abramovich kuɗinsa ne, sha'awarsa ce, in an yi asara shi ke cike gurbi daga aljihunsa. Clearlake kuwa aikinsu ke nan juya kuɗin masu jari, su sayi abu, su ɗaga darajarsa, su fitar da riba. Ba zagi ba ne, sana'arsu ce. Kuma duk wanda ya riƙe wannan a ransa, abin da ake yi a kowace kasuwar bazara ba zai ba shi mamaki ba.

A harkarmu akwai abin da ake kira turka. Ka je kasuwa ka zaɓi ɗan bijimi mai ƙashi mai kyau amma bai yi nama ba, ka ɗaure shi, ka ba shi dusa da harawa na wasu watanni, in ya cika ido ka kai shi kara gab da Sallah. Mai turka ba ya sayen sa da ya riga ya gama girma, don ribar tana cikin ƙibar da bai riga ya yi ba. Dubi cinikin Chelsea tun 2023. Kusan duk yara ne 'yan ƙasa da shekara 25, a ɗaure su da dogon kwantiragi, a ba su albashi daidai gwargwado. Madueke an ɗauko shi daga PSV a Janairun 2023 a kan kusan fam miliyan 30, an sallama shi a wajen miliyan 50 bayan shekara biyu da rabi. A idon mai jari wannan ciniki ne mai albarka. A idon abokina mai baro kuwa, riga ce ta zama tsumma.

Wannan lissafi ne ma ya sa mu 'yan Najeriya muka sha haushi a Agustan 2024. Muka raba dare muna jiran a ce Victor Osimhen ya sa hannu, aka rufe kasuwa ba a daidaita ba, rahotanni suka ce a kan albashi aka watse. Ya tafi Galatasaray aro, a 2025 kuma suka saye shi gaba ɗaya a kan yuro miliyan 75. Osimhen cikakken sa ne, ya gama girma, kuɗin ciyar da shi da yawa, kuma wuya a sake sayar da shi da riba. Bai dace da tsarin mai turka ba, ko da kuwa shi ne maganin ciwon da ke damun gaban ƙungiyar.

Sai maganar dogon kwantiragi, wadda mutane da yawa ba su gane sirrinta ba. A littafin lissafin ƙungiya, kuɗin da aka sayi ɗan wasa ba a rubuta shi lokaci ɗaya. Ana raba shi ne a kan shekarun kwantiraginsa. Enzo Fernandez ya zo daga Benfica a kan fam miliyan 106.8 da kwantiragin shekara takwas da rabi, ka ga a takarda bai kai miliyan 13 a shekara ba. Haka aka yi da Mykhailo Mudryk, haka aka ba Moises Caicedo shekara takwas da aka ɗauko shi daga Brighton a kan kuɗin da zai iya kai wa miliyan 115. Da wannan dabara suka kashe fiye da fam biliyan ɗaya cikin ɗan lokaci. Da hukumar UEFA ta farga, sai ta ce daga 2023 ba za a raba kuɗin a kan fiye da shekara biyar ba, hukumar Firimiya ma ta bi sahu a ƙarshen shekarar.

Amma fa kowa ya san shanun bashi. Ka karɓi kaya a ce ka riƙa biya kaɗan-kaɗan, ranar farko ji kake kamar kyauta aka ba ka. In dabba ta yi ciwo a hannunka, bashin bai san da wannan ba. Mudryk an dakatar da shi a Disambar 2024 kan gwajin ƙwayoyi, amma kason kuɗinsa na nan yana fitowa a littafi duk shekara.

Inda abin ya fi yi wa magoya baya zafi shi ne sayar da 'yan gida. A lokacin, dokar Firimiya ta ce ƙungiya kada ta yi asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku. Ba wasa ake da ita ba, an zaftare wa Everton da Nottingham Forest maki a kakar 2023/24 saboda ita. To ga yadda lissafin yake: kuɗin saye ana raba shi shekara-shekara, amma kuɗin sayarwa ana rubuta ribarsa nan take. Ɗan wasan da ya taso a makarantar ƙungiya kuwa ba a saye shi ba, don haka duk abin da aka samu a kansa riba ce tsagwaronta. Kamar maraƙin da aka haifa a garkenka ne, ba ka da uwar kuɗi a kansa, ko nawa aka taya riba ce.

Shi ya sa Mason Mount, wanda ya shiga Chelsea yana ɗan shekara shida, kuma shi ya ba Kai Havertz ƙwallon da ta ci kofin 2021, ya koma Manchester United a 2023. Shi ya sa Conor Gallagher, wanda ya ɗaura ƙyallen kyaftin a yawancin wasannin kakar 2023/24, aka miƙa shi Atletico Madrid a bazarar da ta biyo. Ga Lewis Hall a Newcastle, ga Ian Maatsen a Aston Villa, ga Loftus-Cheek a AC Milan. Bafulatani makiyayi zai gaya maka saniyar da aka haifa a gida ita ce ta ƙarshe da ake kai wa kasuwa, don ita ta san hanya, ita sauran ke bi. Falke kuma ita zai fara ɗagawa, don a kanta riba ta fi kauri. Magoyin baya zuciyar makiyayi gare shi, ƙungiyarsa kuwa tana hannun fatake.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Don littafi ya daidaita, Chelsea ta sayar da otal biyu da ke jikin filin Stamford Bridge ga wani kamfani na masu ƙungiyar a kan fam miliyan 76.5, ta kuma sayar wa uwar kamfaninta, BlueCo, ƙungiyar mata a kan kusan miliyan 200. Wato ka fitar da sa daga turken dama ka mayar turken hagu, ka ce ka yi ciniki. Dokar Firimiya ta lokacin ta bari, amma UEFA ba ta karɓi irin wannan lissafi ba. A farkon Yulin 2025 ta ci Chelsea tarar yuro miliyan 31, da sharaɗin sai kuɗin waɗanda ta fitar ya rufe na waɗanda za ta yi wa rajista a gasar Zakarun Turai. Saboda haka fitar da 'yan wasan da aka yi ta yi a bazarar 2025, kada ka ɗauka duk shawarar koci ce.

Akwai kuma Strasbourg ta Faransa, wadda BlueCo ta saya a 2023. Yaron da bai isa shiga tawagar Landan ba sai a tura shi can ya yi ƙwari, kamar yadda aka yi da Andrey Santos. Magoya bayan can ba su ɓoye fushinsu ba, har shiru suke yi na mintunan farko na wasa don nuna ba su yarda a mai da ƙungiyarsu wurin kiwon wata ba. Mu da muke murna da yaran da ke dawowa a shirye, ya kamata mu tuna akwai masu kuka a ɗaya ɓangaren.

Gaskiya dai a faɗe ta, tsarin ya fara haifar da ɗa mai ido. Bayan ƙarewa ta 12 a 2023 da ta shida a 2024, a 2025 Chelsea ta ƙare ta huɗu, ta koma gasar Zakarun Turai. Palmer da aka ɗauko daga Manchester City a kan fam miliyan 40 da 'yan kai, yau wa zai taya? Caicedo da aka yi ta yi wa dariya ya zama ginshiƙin tsakiya. Kuma masu kewar Abramovich su tuna shi ma ba ya haƙuri da koci, sannan dokokin yanzu ba za su bar wani attajiri ya riƙa zuba kuɗi ba lissafi kamar da ba. In kuma kana ganin 'yan Chelsea ne kaɗai ke cikin damuwa, tambayi 'yan United. Iyalan Glazer sun saye ta da bashi a 2005 suka ɗora mata bashin a ka. Jim Ratcliffe ya shigo a 2024 aka yi ta murna, sai ga sallamar ɗaruruwan ma'aikata, ga ƙarin kuɗin tikiti, ga ƙarewa ta 15 a teburi. Sabon mai gida ba shi ne sabon arziki ba.

To ina matsalar take tunda ana cin kofi? Tana wajen zama. A cikin goma sha ɗayan da suka fara wasan ƙarshe da Manchester City a 2021, Reece James kaɗai ya fara wasan PSG, shekara huɗu kacal tsakani. Koci kuwa, an ga Tuchel, an ga Potter, an ga Lampard na riƙon ƙwarya, an ga Pochettino, an ga Maresca. Gasar Firimiya wasa 38 ce, ba a cin ta da baƙin juna. Liverpool da City sun ɗauke ta ne da mutanen da suka shekara da shekaru tare, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya ko bai ɗaga kai ba. Garken da kullum ake shigo da sababbi ana fitar da tsofaffi ba ya sabawa da makiyayi, kuma duk wanda ya taɓa kora shanun da aka haɗo daga kasuwa uku ya san wahalar da nake faɗa.

A bazarar 2025 ma an kawo Joao Pedro, Liam Delap, Jamie Gittens, Jorrel Hato da yaron Brazil, Estevao. A gidan kallo kowa lissafin waɗanda aka sayo yake yi. Ni shawarata ga 'yan'uwa, mu juya lissafin. Mu zuba ido mu ga ranar da wata babbar ƙungiya za ta ajiye maƙudan kuɗi a kan Palmer ko Caicedo ko Enzo. A kara, in aka taya dabba mai ita bai shirya rabuwa da ita ba, "albarka" yake cewa, ya ja igiyarsa. In masu Chelsea suka iya cewa albarka a wannan rana, to ƙungiya suke ginawa, kuma ni zan fara ba su haƙuri a wannan shafi. In kuwa suka ce "mun sallama", abokina mai baro ya samu amsarsa.

Kafin nan, 'yan'uwa, a riƙa sassautawa. Na ga abokai sun daina gaisawa saboda musun Gallagher, na ga yaro ya zuba cinikin yini guda a caca don ya yarda da sabon ɗan wasan da ko sau ɗaya bai taɓa ganin wasansa ba. Mu baƙi ne a garin mutane, neman abinci ya kawo mu, junanmu kuma shi ne jarinmu. Masu ƙungiyar can suna da akantoci da lauyoyi masu tsare musu kuɗinsu. Kai da ke biyan kuɗin shiga gidan kallo daga guminka, ba ka da mai tsare maka naka sai kai. Abokin nawa dai ya ce zai sake sayen riga, amma wannan karon ba zai bari a buga sunan kowa a baya ba. Allah Ya ba mu sa'a a kakar da za a shiga, Ya kuma bar zumunci.