Ƙashin mutum ba kayan kallo ba ne

A nan Zango ta Damagaram, in mutum ya cika da safe, kafin la'asar an yi masa wanka da sutura, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Ko baƙo ne da ba a san danginsa ba, unguwa ce ke haɗa kuɗin likkafani. Shi ya sa abin ke yi mini nauyi in na tuna gidan tarihin Musée de l'Homme na Paris yana ajiye da ƙoƙon kan mutane wajen 18,000, ciki har da na 'yan ƙasashen da Faransa ta mulka.

Mu Damagarawa mun san irin hannun da ya tara wasunsu. Sojan Faransa sun ci Tirmini a 1899, suka kashe Sarki Amadu Kuran Daga, daga Damagaram suka nufi tafkin Chadi. A Afrilun 1900 aka kashe Rabe, wanda ya mamaye Borno, a Kusseri, aka sare kansa, aka ɗaga shi aka ɗauki hoto. Ban ce Rabe waliyyi ba ne, mutanen Borno sun ji jiki a hannunsa. Amma mai sare kai ya baje shi ga jama'a ba ilimi yake nema ba, tsoro yake shukawa. Aljeriya ta karɓo kawunan mutanenta 24 daga Faransa a 2020, ta binne su. Daidai ke nan.

Sai dai laifi tudu ne. A Gobero, cikin hamadar Tenere, ayarin Ba'amurke Paul Sereno ya gano tsohuwar maƙabarta a shekarar 2000, kaburbura wajen 200. A ɗaya akwai mace da yara biyu rungume da juna. Hotonsu ya zaga duniya, mu ma har da alfahari. To, don sun daɗe a ƙasa, ba mai ce musu kaka, sai su zama abin kallo?

Takobi, tambari, sirdi, igwar zamanin Sarki Tanimu, duk a fito da su yara su gani. Don ido aka ƙera su. Ƙashi kuwa, masana su auna, su zuba kwatancinsa da roba in nuni ake so, sannan a mayar da mai shi ƙasa. Hukumomin al'adu a Yamai, ku rubuta wannan cikin kowace takardar izinin tono kafin ku sa hannu.