Cutar Noma Da Shirun 'Yan Boko

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata cuta da ke cinye fuskokin ƙannenmu a ƙauyukan Zamfara da Sakkwato da Kabi, amma da wuya ka ji ɗan boko ya ambace ta, ko a aji ko a ofis. Likitoci na kiranta noma, kalmar da ta fito daga harshen Girka, ba ta da dangantaka da noman gona. Mutanenmu kuwa wasu na ce mata ciwon daji, wasu ciwon iska. Gaskiyar magana ita ce, ciwon yunwa ne da talauci, kuma shirun da muka yi a kanta abin kunya ne.

Yawanci takan kama yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, wanda tamowa ta riga ta raunana, ko ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Takan fara da kumburin dasashi, da jini in an taɓa, da warin baki. A wannan mataki maganinta bai fi ƙarfin ɗakin shan magani na ƙauye ba: amoksisilin da metronidazol, da kurkure baki da ruwan gishiri, da abinci mai gina jiki. In aka yi sakaci, sai kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki naman ya yi baƙi ya ruɓe, ya bar rami a fuska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin yara 10 da ba su sami magani ba, kusan 9 mutuwa suke yi.

Wanda ya tsira fa? Sau da yawa ya rasa leɓe, ko hanci, ko wani sashe na ganɗa. Tabon yakan ƙanƙance har muƙamuƙi ya ƙage, bakin ya ƙi buɗuwa. Ba ya iya tauna tuwo, in ya sha kunu ya zubo ta kunci ko ta hanci, miyau na dalala, maganarsa kuwa sai uwarsa kaɗai ke ganewa. A ɓoye shi a ɗaki, ba makarantar allo, ba ta boko, in mace ce kuwa ba zancen aure.

Wannan cuta ta taɓa addabar 'ya'yan matalauta a Turai, ta kau sa'ad da abinci da tsabta suka wadata, ta kuma sake ɓulla a sansanonin da 'yan Nazi suka tsare mutane da yunwa a Yaƙin Duniya na Biyu. Watau duk inda ka gan ta, to, an hana mutane ci. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya suka auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, aka tarar fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Wannan fa a ƙasar da ke taƙama da noma! Manomin Gurbin Ɓore da 'yan bindiga suka hana shi zuwa gona, ɗansa ne farkon wanda cutar za ta nema.

Ba mu musun alherin da ake yi. Tun 1999 akwai asibitin yara masu wannan cuta a Sakkwato, kuma tun 2014 MSF ke tallafa masa, ana yi wa marasa lafiya tiyatar gyaran fuska kyauta, ana koya musu motsa muƙamuƙi. Amma tiyata ta waɗanda suka tsira ce. Sauran, waɗanda suka fi yawa nesa ba kusa ba, an binne su a bayan gari, ba wanda ya rubuta sunan abin da ya kashe su. Har yaushe za mu zauna muna jiran Turawa su zo su ɗinke abin da sakacinmu ya yaga?

Ga inda laifinmu ya fi fitowa fili. Adadin da ake ta ambata, cewa yara 140,000 ke kamuwa kowace shekara a duniya, ƙiyasi ne na 1998. A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman hakan. Madalla. To, sai me? Farfesa Cyril Enwonwu, ɗan ƙasar nan, ya shafe shekaru yana nazarin alaƙar cutar da tamowa. Mu da abin ke gidajenmu, mu nawa ne muka zaɓe ta a matsayin binciken kammala digiri? Kowa burinsa ya gama ya tsere Abuja ko ƙasar waje.

Wani zai ce babu tsaro, wa zai shiga daji? Ai ba sai an shiga daji ba. Iyaye mata suna kawo yara asibitocin Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda kowace rana don awo da rigakafi. Buɗe bakin yaro a duba dasashinsa bai kai minti guda ba. Wani kuma zai ɗora laifi kan jahilcin ƙauyawa, wai suna zuwa wurin mai maganin gargajiya. Ina kuke so su je, alhali shi ne mafi kusa da su? A koya masa alamun cutar, shi da wanzami da ungozoma, su riƙa tura yaro asibiti tun dasashi na jini.

Saboda haka muna kira ga gwamnatin Zamfara ta wajabta duba baki a duk wurin da ake jinyar tamowa, ta kuma buɗe rajistar masu cutar. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau da ta Ahmadu Bello su tura ɗalibansu wannan bincike, su horar da masu koyar da magana da haɗiya, domin wanda aka ɗinke wa fuska yana bukatar a koya masa ci da furuci. Ku kuma da za ku tafi gida hutu, ku tara ƙannenku da 'ya'yan maƙwabta, ku duba bakunansu. Da kuɗin talaka aka ilimantar da mu, kuma Allah zai tambaye mu abin da muka yi da ilimin.