Gawa ba ta buƙatar kwalliyar amarya

Masu sha'awar wasannin kan tebur a Turai da Amurka suna da wata cuta da har suka raɗa mata suna, wato tulin abin kunya. Shi ne akwatunan 'yan ƙananan mutum-mutumin roba da mutum ya saya da kuɗi masu kauri, ya jibge a kabad, shekaru suna wucewa ba su ga fenti ba. An saba ɗora laifin a kan lalaci. Laifin kuwa ya fi rataya a wuyan waɗanda suka cusa wa sabon shiga cewa duk ɗan mutum-mutumin da bai kai matsayin shiga gasa ba, bai cancanci hawa tebur ba. Babu inda wautar wannan ra'ayi ta fi fitowa fili kamar a kan rundunar matattu masu tafiya: ƙwarangwal, zombi, da gawawwakin da aka naɗe da ƙyalle irin na tsohuwar Masar.

Lissafi kaɗai ya isa hujja. A wasan HeroQuest, wanda kamfanin Milton Bradley ya fitar a 1989 tare da Games Workshop, matattun takwas ne kacal: ƙwarangwal huɗu, zombi biyu, naɗaɗɗun gawawwaki biyu. Wannan ana iya zauna masa a tsanake. Amma da Zombicide ya fito a 2012 ta hanyar tara kuɗi a Kickstarter, akwatinsa na farko ya zo da mutum-mutumi 71, kuma 65 daga ciki zombi ne. Wanda ya ba kowanne awa uku, ya ci awa 195 kafin ya jefa dayis ko sau ɗaya. Wanda ya ba kowanne minti goma zai gama a ƙasa da awa goma sha ɗaya. Na farkon wankin hula ne zai kai shi dare. Na biyun yana zaune da abokansa a ƙarshen mako, wasa ya kankama.

Sai kuma batun ido. Tsayin irin waɗannan mutum-mutumi bai cika wuce santimita uku ba, kuma mai wasa yana hangen su ne daga nisan hannu ko fiye. Daga nan ba a ganin ƙwayar idon zombi, ba a ganin jijiyar da aka ɓata rabin awa ana zanawa. Abin da ido yake kamawa shi ne bambancin haske da duhu, da kuma ko wannan ƙwarangwal ne ko zombi, domin ƙa'idar wasan ta bambanta su. Hotunan da ke yawo a intanet, waɗanda aka ɗauka da kyamara dab da fuskar mutum-mutumin aka kumbura shi ninki goma, sun koya wa mutane auna aikinsu da ma'aunin da tebur bai san da shi ba.

Abin da ya fi ban takaici shi ne, matattu su ne mafi sauƙin hali a duk wannan sana'a. Ana fara wanke robar da ruwan sabulu domin cire maiƙon da ta taho da shi daga masana'anta. Idan takobi ya lanƙwashe, a tsoma shi a ruwan zafi, a miƙe shi, a tsoma a na sanyi. A shafa farin fenti na shimfiɗa. Sannan a kwarara ruwan fenti mai launin ƙasa, wanda zai gangara da kansa ya kwanta tsakanin haƙarƙari da cikin kwarmin ido. Idan ya bushe, a ɗauki burushin da aka goge kusan duk fentinsa a ƙyalle, a shafa launin ƙashi sama-sama. Ƙwarangwal ya kammala. Idan hannu ya zame, fenti ya ɗiga inda bai dace ba, ya zama tsatsa ko taɓon kabari. Gawar da ta kwana cikin ƙasa ba ta fitowa da tsabta.

Masu adawa suna da maganarsu, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa hanyoyin gaggawa, musamman fentin Contrast da Games Workshop ya fitar a 2019 da Speedpaint na kamfanin Army Painter da ya biyo baya, suna kashe ƙwarewa, suna sa aikin kowa ya yi kama da na kowa. Gaskiya ne cewa irin wannan fenti yana taruwa ya yi dabbare-dabbare a wuri mai sulɓi, kuma gaskiya ne cewa ayyukan da ake kaiwa gasar Golden Demon, wadda aka fara a 1987, fasaha ce ta gaske da ta cancanci girmamawa. Sai dai ƙashi da tsumma da ruɓaɓɓiyar fata duk kwari da tudu ne, inda wannan fenti ya fi yin aiki. Kamanceceniya kuwa ita ce ainihin tsoron da ke cikin zombi tun daga fim ɗin George Romero na 1968: taro ne marar fuska, yawansa ne makaminsa. Ƙwarewa kuma ba ta zuwa wa wanda tsoro ya hana shi buɗe kwalbar fenti. Wanda ya gama zombi sittin ya san riƙon burushi fiye da wanda ya shekara yana kallon bidiyon gwanaye.

Shi kansa Games Workshop ya gane haka. A bugu na tara na Warhammer 40,000 a 2020, ya ba da maki goma ga rundunar da aka yi wa fenti daidai gwargwado, ba tare da tambayar kyawunsa ba. Kamfanin da ke shirya gasar gwanaye ya yarda cewa tebur yana da nasa ma'auni.

Don haka mai akwatin matattu ya raba lokacinsa da hikima. Jaruman wasan, huɗu a HeroQuest, shida a Zombicide, su ne ke daɗewa a kan allo, su ne hannu ke ɗagawa a duba. Su suka cancanci dogon zama. Sauran a jera su goma-goma, a bi su da launi ɗaya bayan ɗaya, a rufe da banish marar ƙyalli domin yatsu kada su kankare fentin. Zombin da aka ɓata wa awa uku da wanda aka ba minti goma, jifan dayis ɗaya ne ke mayar da su cikin akwati.