Kafin Ka Tura Labarin "An Gano Rai A Wata Duniya"

A watan Afrilun 2025 labari ya cika Facebook da TikTok, wai masana a Jami'ar Kambrij sun gano alamar rai a duniyar K2-18b. Haka aka yi a Satumbar 2020, da aka ce an ga iskar fosfin a gajimaren Zahra, tauraruwar da muke kira Zara matar wata. Matasa suka yi ta turawa. Amma mutum nawa ne suka tsaya suka tambaya: ta yaya aka san irin iskar da ke inda ba wanda ya taɓa zuwa?

Babu fa wanda ya ɗebo iskar a kwalba. Haske kawai na'urar hangen nesa take kamawa. Kowace iska tana shanye wani ɓangare na hasken da ya ratsa ta, ta bar tabo irin nata, kamar zanen yatsa. Zanen yatsa kuwa ba ya tona kowa sai da rajistar da za a gwada shi da ita. Rajistar nan ita ce rumbunan bayanan ƙwayoyin zarra da na sinadarai, kuma a ganinmu a nan gaskiyar labarin take tsayuwa ko ta faɗi.

Mafi shahara shi ne HITRAN. Rundunar sojin saman Amurka ce ta fara fitar da shi a 1973, da iskoki bakwai kacal, don sanin yadda haske ke ratsa sararin duniyarmu. Yanzu cibiyar nazarin taurari ta Harvard da Smithsonian ke kula da shi. To, an gina shi ne kan zafi irin namu, wajen digiri 23. Duniyar WASP-39b, wadda na'urar James Webb ta gano kabon dayoksaid a cikinta a 2022, zafinta ya kai wajen digiri 900, kuma a irin wannan wuta tabon iska yana ninkuwa ba adadi. Shi ya sa masana a Landan suka kafa ExoMol, inda suka lissafa wa iskar mitan kaɗai layuka kusan biliyan 10. Aiki ne na shekaru, ba hoto mai kyau, ba mai yi masa bidiyo.

Koma kan Zahra. Layi ɗaya tak aka dogara da shi, kuma dab da shi akwai layin salfa dayoksaid, iskar da aka daɗe da sanin tana can. Har yau ana ja-in-ja. A K2-18b ma, wasu masanan sun sake duba bayanan suka ce wasu iskokin daban, waɗanda ba ruwansu da rai, za su iya barin tabo makamancin wannan. Iskar da ba a auna ta an saka a rumbu ba kuwa, ko tana gaban na'ura ba za a gane ta ba.

Don haka idan irin wannan labari ya sake faɗowa wayarka, duba ko layi nawa aka gani, ko wata tawagar daban ta tabbatar. Mai karatun fiziks ko kimistiri kuma, HITRAN da ExoMol kyauta suke a intanet. Ɗan data da kwamfuta sun isa ka sauke layukan tururin ruwa ka zana su da kanka.