Ku je Kakuri ku yi wannan wa'azin

Masu wa'azin arziki sun cika mana kunne: wai talauci a ƙwaƙwalwa yake, ka sauya yadda kake kallon kuɗi, aljihunka zai cika. Duk mai wannan da'awa ya ƙetare Kogin Kaduna ya shiga Kakuri ya maimaita ta.

A nan aka buɗe masaƙar KTL a 1957, ta UNTL ta biyo baya a 1964. Da albashinsu dubban ma'aikata suka riƙe gidaje a Makera da Nasarawa, suka ilimantar da 'ya'ya. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Shin a tsakanin nan ne tunanin waɗannan mutane ya gurɓace? Lantarki ne ya gaza, baƙin man injuna ya yi tsada, atamfar fasa-ƙwauri ta mamaye kasuwa. Ma'aikatan KTL da dama sun rasu suna jiran kuɗin sallama, alhali masaƙar mallakar jihohin Arewa ce.

Babu mai musun amfanin tattali da adashe, amma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Illar wannan wa'azi ita ce yana sauke laifi daga wuyan mai mulki ya rataya wa wanda aka zalunta.

Mu masu digiri da albashi, mu ne tunaninmu ke buƙatar gyara. Mu daina ba mayunwaci nasiha, mu tambayi gwamnonin Arewa 19 ina haƙƙin ma'aikatan Kakuri.