A auna lakar tafkin Madarunfa kafin a taɓa ta

Duk inda aka zauna a Sarkin Yamma aka tayar da zancen tafkin Madarunfa, magana ɗaya ce: yashi yana cinye shi, a yashe shi, a maido da ruwa fadamun da suka bushe. Ni ma abin da nake so ke nan. Amma ranar da na ce a wani taro a fara auna zaiba a cikin lakar, sai wani dattijo ya ce, "Mushe, bar karatun lakwal a lakwal." Aka kwashe da dariya. To, yau na fito da karatun waje.

Da zaiba masu haƙar gargajiya ke kama zinariya, su ƙona ta, saura ya bi iska, ruwan sama ya gangaro da shi kwari. Haƙar kuwa ba ta yi mana nisa ba, kowa ya tuna ramin da ya rufta da mutane a yankin Ɗan Isa a Nuwamban 2021.

Zaibar da ke kwance a busasshiyar ƙasa ba ta cika shiga jikin dabba ba. Sai ruwa ya rufe ta, ciyawa ta ruɓe, iska ta ƙare cikin laka, sannan wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su juya ta zuwa irin da ke maƙalewa a tsoka. Wurin da ke bushewa da rani ya cika da damina, kamar fadamunmu, yana cikin inda abin ya fi sauri. Ƙwaro ya ɗauka, ƙaramin kifi ya ci ƙwaro, tarwaɗa ta ci ƙaramin kifi, zalɓe ya ci tarwaɗa, gubar tana ƙaruwa a kowane baki. Tsuntsun da ya tara ta, ƙwansa yakan ƙi ƙyanƙyashewa. Tarwaɗar nan kuma ita muke ci. Suya ba ta fitar da gubar, kuma ɗan da ke ciki ta fi yi wa illa, a ƙwaƙwalwa. Ta kifi ta kama mutanen Minamata a Japan, aka gano cutar a 1956.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Minamata a 2017, tafkin ya shiga jerin Ramsar a 2019. Hannu dai an sa. Abin da nake nema bai kai kuɗin man katafila ba: a ɗebi laka da kifi da gashin tsuntsu a auna kafin aiki, a sake aunawa bayan damina, a karanta sakamakon da Hausa a rediyo, masunta su ji da kunnensu.