Rawani Biyu a Ƙofar Yamai



A daminar 2023, wanda ya ratsa Toranke ta ƙaramar hukumar Ajingi da la'asar sakaliya, bayan an taso daga gona, zai tarar da abin da ake gani a kusan kowane gari na gabashin Kano a lokacin. Dattawa na kan tabarma, fartanya jingine da katanga, ga 'yar rediyo a tsakiya ana ta murɗa ta daga wannan tasha zuwa waccan. An manta da kukan tsadar taki. Tambaya ɗaya ce a bakin kowa: wai da gaske za a yaƙi Nijar?

Ranar 26 ga Yuli sojojin fadar shugaban ƙasa suka tsare Shugaban Nijar Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tchiani ya karɓi mulki. Kwana huɗu bayan haka shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu, suka ba sojojin mako guda su mayar da Bazoum kan mulki, in ba haka ba a yi amfani da ƙarfi. Najeriya ta rufe iyaka, ta kuma katse wutar lantarkin da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi.

A teburin taro wannan takunkumi ne. A ƙasar Gaya kuwa, inda Toranke take, maganar gida ce. Ragon da ake yankawa da layya sau da yawa daga can ya fito, ya bi ta kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Mai shayin bakin tasha da almajirin tsangaya da ɗan ci-ranin da ke zuwa bayan kaka, da yawansu mutanen Damagaram ne ko na Maraɗi. Ko a labarin Bayajida, maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar Kusugu, kuma cikin Hausa Bakwai da labarin ya haifar akwai Gobir, wadda ɗaya daga cikin manyan fadojinta ke Tsibiri, cikin Nijar. Iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata tsakanin 1890 da 1906 ta raba haraji da tuta, amma ba ta raba surukai ba.

To, sai aka shiga aika manzanni. Ranar 3 ga Agusta ECOWAS ta tura Janar Abdulsalami Abubakar tare da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Suka sauka Yamai, suka dawo ba su ga Tchiani ba. Victoria Nuland ta zo daga Amurka, ta yi sa'o'i da wasu hafsoshi, ita ma ba ta gan shi ba. Tawagar haɗin gwiwa ta ECOWAS da Tarayyar Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa, tun kafin ta taso aka ce mata ta yi zamanta.

Ranar 9 ga Agusta sai ga hoton Muhammadu Sanusi na Biyu zaune da Janar ɗin. A lokacin ba ya kan karagar Kano, tun 2020 aka sauke shi, kuma ba shi da takardar wata gwamnati a hannu. Abin da yake da shi shi ne halifancin Tijjaniyya, ɗarikar da ke da ɗimbin mabiya a ƙasashen biyu, da kuma ɗan rakiya: Sarkin Damagaram. Wanda ya san tarihi dole ya yi murmushi. A ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Sarki Alu Babba, dakarun Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga sun shigo ƙasar Kano da yaƙi har aka gwabza a Gezawa, nan kusa da mu. Ga shi bayan shekara ɗari da 'yan kai, magajin waccan fada ne ya kama hannun ɗan gidan sarautar Kano ya shigar da shi inda manyan jakadun duniya suka kasa shiga.

Akwai abin lura a nan, wanda masu yabon sarauta kan tsallake. Sarkin Musulmi ma ai da rawaninsa ya je, kuma babu rawanin da ya fi nasa nauyi a wannan yanki. Me ya sa aka bar shi a waje? Domin ya je ne a inuwar ƙungiyar da ta ɗaga sanda. Sojojin Yamai ba fuskar manzo suka duba ba, wanda ya aiko shi suka duba. Da malamai suka je ranar 12 ga wata ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau, suka yi magana da harshen 'yan'uwantaka da haƙƙin maƙwabtaka, an karɓe su hannu bibbiyu, har Tchiani ya ba da haƙuri kan yadda aka yi wa tawagar farko. Mako guda bayan nan Abdulsalami ya koma, ya ga Tchiani, ya ga Bazoum.

Ba a yi yaƙin ba. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayansa, limamai sun yi ta huɗuba a kansa, jihohi bakwai da ke kan iyaka, daga Kebbi har Borno, sun san a ƙofar gidansu za a yi shi. A nan al'ada ta yi rawar gani, ba a musu.

Sai dai a faɗi gaskiya komai ɗacinta, iyakar abin da ta iya ke nan. Ba ta fito da Bazoum ba. Ba ta hana Nijar haɗa kai da Mali da Burkina Faso su sanar da ficewa daga ECOWAS a Janairun 2024 ba, kuma ba su fasa ba duk da an ɗage takunkumin a Fabrairu, an buɗe iyakar Najeriya a Maris. Kuma Hausar nan da aka yi sulhu da ita, da ita aka yi sa-in-sa. A Disambar 2024 Tchiani ya zauna gaban kyamara, cikin Hausa tsantsa ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don a dagula ƙasarsa. Ya san sarai wa yake yi wa magana: mutanen kan tabarmar nan ne, a tsallaken iyaka. Dole ta sa Nuhu Ribadu, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ya mayar da martani shi ma da Hausa.

Ɓangaren tsaro ya fi ban tsoro. A Maris na 2025 Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi da ke yaƙar Boko Haram. A Sakkwato da Kebbi kuma ga 'yan bindigar Lakurawa, waɗanda ke shige da fice a dajin kan iyaka. Ɗan bindiga ba ya tsayawa a buga masa fasfo, kuma sintirin da zai tare shi ba aikin sarki ko malami ba ne, aikin hafsoshi biyu ne da suka yarda su ɗaga wa juna waya. Ziyarar da Ministan Harkokin Waje Yusuf Tuggar ya kai Yamai a Afrilun 2025 ta ɗan sassauta zukata. Amma wata guda bayanta Nijar ta hana fitar da dabbobi gab da Babbar Sallah, kamar yadda ta hana fitar da hatsi a Oktoban da ya gabata, mai neman rago a kasuwannin Kano ya ji a aljihunsa.

Abin takaicin shi ne gwamnatocin biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mai ofis a Yamai, amma sarakuna da malamai ba a tuna su sai wuta ta kama rufin ɗaki. Sarkin Katsinan Maraɗi da na Daura da na Gumel da na Damagaram sun san dillalan kan iyaka da burtalin makiyaya fiye da kowane jakada.

A halin da ake ciki, ana ta aikin layin dogo na kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, da reshensa da zai bi ta Gaya ya nufi Dutse. In an gama, buhun riɗin manomin Toranke zai iya kwana a Maraɗi, muddin ranar da jirgin ya isa Jibiya an tarar da ƙofar a buɗe.